Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, a kan shirya mota domin tseren 'yan sha'awa



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda ake shirya mota kafin a shigar da ita tsere, watau irin tseren nan da mutane kan yi don sha'awa, ba don shi ne sana'arsu ba. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan hakimi da wannan, tun da shi ba makanike ba ne, ba kuwa direba ba? Ai kuwa ruwansa babba ne. Motoci sun yawaita a hannun samari, kuma ko a Nasarawar Burkullu ne, ko Anka, ko Gummi, in za a yi wani wasa a fili ko a kan hanya, ƙofar hakimi ya kamata a fara zuwa neman izini. In an tashi lafiya, yabo na samari ne. In kuwa mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, hakimi za a tambaya, littafin malaminsa kuma za a buɗe. Saboda haka ya kyautu hakimi ya iya rarrabe motar da aka shirya da wadda ba a shirya ba, kamar yadda yake iya rarrabe dokin da ya sha kiwo da wanda aka aro jiya don sukuwa.

Asalin abin

Gasar motoci ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, daga baya kuma aka ƙara wasanni iri iri a cikinsa, har da gasar motoci. A watan Maris na 2020, da aka farfaɗo da bikin bayan ya yi shekaru ba a yi ba, motocin gasar daga Abuja suka taso zuwa Argungu, a cikinsu har da waɗanda aka harhaɗa a Nijeriya. Maƙwabta na Nijar su ma sun ga nasu, gama gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta sha ratsawa ta Agadas kafin a ɗauke ta daga Afirka a 2009.

Amma gasar da ta fi dacewa a ɗauki darasi daga gare ta ita ce ta Safari, wadda aka fara a 1953 a ƙasashen Kenya da Yuganda da Tanganyika, domin hanyoyinta irin na nan ne: burji, da gargada, da ƙura, da taɓo. A 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, wadda ta zo ta ɗaya kuwa Peugeot 404 ce, irin wadda dattawa suka sani a tasha. A 1965 wani mutumin Kenya mai suna Joginder Singh, shi da ɗan'uwansa Jaswant, suka ci gasar da wata Volvo ta hannu, wadda an riga an yi tsere da ita kafin ta zo hannunsu. Su suka kwance ta, suka gyara ta da kansu, ta wuce motocin manyan kamfanoni. Abin lura a nan shi ne, a irin waɗannan hanyoyi motar da ba ta lalace ba ita ke ci, ko da akwai waɗanda suka fi ta gudu.

Inda ake fara kashe kuɗi

Yawancin samari in sun tashi shirya mota, sai su fara da cire salansa don ta yi ƙara, su yi mata fenti, su ce da makanike ya buɗe mata wuta. Wannan shiri ne a juye. Tsarin da masu sanin abin ke bi shi ne: da fari abin da ke tsai da mota, sa'an nan abin da ke riƙe ta a ƙasa, sa'an nan abin da ke kāre ran wanda ke ciki. Inji shi ne na ƙarshe. Mahayi mai hankali linzami da majayi yake fara dubawa kafin ya yi maganar ƙaimi.

Motar da za a zaɓa kuwa, a zaɓi wadda kayanta ke samuwa a kusa, wadda makanikan Gusau ko Sakkwato suka san cikinta. Shi ya sa Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta yi suna a hanyoyin karkara, irinta ce ma ta ci gasar Safari a wannan shekara. Ko wace iri ce dai, sai a ɗaga ta a dubi ƙarƙashinta da fitila. Motar da tsatsa ta ci gindinta, ko wadda ta taɓa mummunan karo aka miƙe ta aka shafe da fenti, ba ta shiga tsere, ko da injinta sabo ne.

Birki

Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga saniya ya kai ƙafarsa kan birki, daƙiƙa guda ta wuce. Har wa yau kuma, in aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu, a kan burji kuwa ya fi haka, don tsakuwa na zamewa ƙarƙashin taya.

Saboda haka sai a sa sababbin takalman birki a ƙafa huɗu, a dubi bututan roba, duk wanda ya tsage ko ya kumbura a canza shi. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne man birki. Shi wannan mai yana shan damshin iska a hankali. Irin wanda aka rubuta wa DOT 4, in yana sabo, ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen awo 155. In ya tafasa sai ya yi kumfa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta tsaya ba. Maganin abin mai araha ne: a zubar da tsohon gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iskar da ke ciki ƙafa bayan ƙafa. Birkin hannu shi ma lalle ya kama.

Taya

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1522, watau mako na 15 ke nan na shekarar 2022. Kowane malami yana iya karanta wannan ba sai da makanike ba. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe, in ta ɗau zafi sai ta fashe. Don tsere, kada a yarda da tayar da ta wuce shekara biyar, ko mai ƙulu a gefe, ko wadda aka yi wa faci a gefe. Tayu huɗun su zama girma ɗaya, a auna iskarsu da ma'auni tun da safe suna da sanyi, a ɗauki safaya biyu in hanya mai nisa ce.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A 1957, a wani babban tsere na ƙasar Italiya da ake kira Mille Miglia, wanda ake yi a kan hanyar jama'a, tayar wata Ferrari ta fashe tana cikin gudu. Direba da abokin tafiyarsa suka mutu, tare da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga wannan shekara ba a sāke yin tseren a yadda aka saba ba. Taya guda ta jawo haka.

Ƙarƙashin mota

Ƙasar nan ƙasar gulabe ce, ga gulbin Zamfara ga gulbin Ka, ga rafuka da fadamu, kuma kowace damina ruwa yakan ɓata hanyoyin karkara ya bar ramuka da duwatsu. Abin da dutse ke fara bugu shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. In ya huje, mai ya tsiyaye, inji yakan kama cikin 'yan mintoci. Don haka ake ɗaura masa farantin ƙarfe mai kaurin kamar milimita biyar, a ɗaure shi da noti a jikin ƙashin mota, a bar ɗan fili tsakaninsa da kaskon. Tankin mai da bututan birki su ma a yi musu irin wannan kāriya inda suka fito fili.

Gargada kuwa aikinta kwance noti da kashe shokazoba. A sa sababbin shokazoba, a dubi sifirin, a ɗaga mota a girgiza kowace ƙafa da hannu. In ta yi motsi akwai abin da ya ci a ciki. Sitiyari kada ya yi lilo. Akwai wata dabara mai sauƙi: in an ɗaure noti, a ja layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen da yake ciki. In noti ya juya, layin zai rabu, ido kaɗai ya isa ya gani.

Inji, da zafi, da ƙura

Ba a bukatar a ƙara wa inji ƙarfi. Abin da ake so shi ne ya yi aikinsa tun daga tashi har sauka. A juye baƙin mai, a sa sabuwar matata, da sababbin fulogi, da sabon fanbel, tsohon kuma a ajiye shi cikin mota don ko-ta-kwana. A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki yakan kai awo 40, saboda haka a wanke lagireto ciki da waje, a canza bututansa in sun yi laushi. Murfin lagireto shi ma yana da aiki, gama shi ke danne ruwa har ya wuce awo 100 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, mota za ta yi ta zafi ba a san dalili ba. Kada kowa ya buɗe shi inji na da zafi.

Ƙurar hunturu da ta burji tana cin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Wanda ya cire matatar iska don mota ta ƙara gudu ya sayar da injinsa da araha. A sa sabuwa, a riƙe wata. In akwai mashigin ruwa a hanya, a san inda inji ke shaƙar iska, domin in ya shaƙi ruwa ƙarafan cikinsa lanƙwashewa suke yi nan take. Bayan an haye kuma a ɗan taka birki a hankali har ya bushe.

Batir a ɗaure shi da ƙarfe, a rufe kawunansa, a sa makunnin da zai yanke wutar mota duka, a wurin da hannun direba zai kai yana ɗaure. Tsohon batir kuwa a mai da shi wurin masu saye. Dalma ce a cikinsa, mutanen Anka da Bukkuyum kuwa ba su bukatar a gaya musu abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010. Kada a fasa shi a cikin gida, kada a bar shi inda yara ke wasa.

Tsaron rai

Duk yadda aka shirya mota, tana iya kifewa. Abin da ke hana rufinta murƙushe mutanen ciki shi ne kejin ƙarfe da ake ginawa a cikinta: baka guda bayan kujeru, da wasu ƙarafa da suka bi gefen gilashin gaba, da masu tokarewa ta baya, duka a kafe su kan farantan ƙarfe a daɓen mota. Bututun ƙarfe mai kauri marar ɗinki ake yin sa da shi, mai walda ƙwararre kuma shi zai haɗa. Bututun famfo ba ya wannan aiki, karyewa yake yi ya zama mashi.

Kujera a ɗaure ta da noti har ba ta motsi. Ɗamarar kujera ta zama mai madauri huɗu ko fiye, wadda ke riƙe kafaɗu biyu da ƙugu. Kowa a cikin motar ya sa hular kwano ta ainihi, mai igiya a haɓa; hular roba ta magina ba ta cikin lissafi. Tufafi su zama na auduga masu kama jiki, domin yadin roba in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi a kan fata, babbar riga kuwa tana kama giya. A ɗaure tukunyar kashe gobara, mai nauyin kilo biyu ko fiye, inda hannu zai kai. A fid da kujerun baya da duk wani tarkace, jak da safaya da akwatin sifana kuma a ɗaure su tam, gama in mota ta wuntsila kowane sakakken ƙarfe makami ne. Jarkar fetur ba ta zama wuri ɗaya da mutane. Mutum biyu ne a mota, direba da mai duba masa hanya, ba na uku.

Gwaji

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A gama duk wani gyara da saura mako guda aƙalla. Sa'an nan a fita da motar a yi kamar kilomita 50 a kan hanya irin wadda za a yi tseren a kai, a komo, a ajiye ta a wuri mai tsabta ta kwana. Da safe a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga, a bi layukan fentin nan ɗaya ɗaya, a sāke ɗaure notin tayu. Abin da aka gyara daren jajibiri ba a gwada shi ba, abin da ba a gwada ba kuwa ba a dogara da shi. Direba shi ma ya yi barci isasshe. Wanda aka ga alamar ya sha ƙwaya ko wani abin maye, a karɓe makulli daga hannunsa, ko ɗan wane ne.

Abin da ya rataya a wuyan hakimi

Tsere iri biyu ne. Akwai wanda motoci ke tashi gaba ɗaya suna rige-rige, wannan sai a filin da aka gina dominsa. Akwai kuma wanda ake sakin mota ɗaya ɗaya, da minti ɗaya ko biyu a tsakani, ana rubuta lokacin tashin kowace da lokacin isarta. Na biyun shi ya dace da karkara, ya kuma dace da 'yan sha'awa. Wasan da wasu samari kan yi da mota ranar ɗaurin aure, suna juyi a tsakiyar taro, ba ya cikin ko ɗaya daga biyun, bai kuwa kamata a ba shi izini ba ko kaɗan.

Izinin hakimi kuma ba ya tsayawa shi kaɗai. Lalle a sanar da Mai Martaba Sarki da ƙaramar hukuma, a sami yardar 'yan sanda da ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 domin irin wannan aiki. Sanin kowa ne hanyoyin yammacin Zamfara sun sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. In jami'an tsaro suka ce hanya ba ta da lafiya, magana ta ƙare, sai a jira.

In an sami yarda, hakimi shi ya fi kowa sanin ƙasarsa. Shi ya san ranar da kowace kasuwa ke ci, da inda burtali ya ratsa hanya, da lokacin da shanu ke gangarawa mashaya, da lokacin tashin 'yan makaranta. Sai ya tara dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo tun da saura mako, a yi shela a kasuwa da masallatai. A tsai da mutum mai tuta a kowace mararraba. 'Yan kallo su tsaya nesa, a kan tudu in akwai, kuma kada kowa ya tsaya a bayan kwana, domin can mota ke nufa in ta ƙwace. A tanadi mota guda da ma'aikacin lafiya, a kuma sanar da asibitin da ya fi kusa tun kafin ranar.

Abin da malami zai rubuta

Malamin hakimi ya buɗe shafi ga kowace mota, ya rubuta waɗannan a gaban makaniken da ba shi ya gyara motar ba:

1. Sunan direba da na abokin tafiyarsa, da lambar lasin, da wanda za a nema in wani abu ya faru.
2. Lambar mota, da takardunta, da inshora.
3. Ranar da aka canza man birki, da shaidar an gwada birkin a gaban jama'a.
4. Lambobi huɗun nan na kowace taya.
5. Ko akwai kejin ƙarfe, da ɗamara, da hular kwano biyu, da tukunyar kashe gobara.
6. Ko batir da jak da safaya a ɗaure suke.
7. Ranar da aka yi gwaji, da hanyar da aka bi.

Motar da ta rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta tashi. A nan ne za a gwada hakimi, gama sau da yawa mai motar ɗan babban gida ne, ko ɗan wanda ake jin nauyinsa, za a kuwa zo da roƙo da magiya. Wanda aka hana zai yi fushi na kwana biyu ya huce. Gidan da aka kai wa gawa ba ya mantawa da wanda ya ba da izini. Samarin da suka cika sharuɗɗan nan kuwa sun cancanci a ƙarfafa musu gwiwa, domin wanda ya koyi shirya mota don tsere ya koyi sana'ar da za ta amfani kowace motar haya da ke bin hanyar Anka zuwa Gummi.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasa lafiya, ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya. Amin.